Mara lafiya ya zagi ma'aikaciyarmu, wata ta ƙyamaci 'yar'uwarta: mu kore su ko mu yi haƙuri?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malama. Ni ce sakatariyar wata ƙaramar ƙungiya da ke tallafa wa masu ciwon daji a garinmu. Mukan biya wa wasu kuɗin allurar kemo da kuɗin mota zuwa Zariya ko Sakkwato don gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, sannan muna zama sau ɗaya a wata don a ƙarfafa wa juna gwiwa. Abubuwa uku suka hana ni barci. Akwai wani dattijo mai sankarar mafitsara, da can mutumin kirki ne, kwanan nan ya fara zagin yarinyar da ke karɓar takardu, har ya kira ta ɓarauniya a gaban jama'a. Akwai wata baiwar Allah da ta ce ba za ta ƙara zama kusa da wata mai sankarar bakin mahaifa ba, wai tana wari, kuma wai ciwon marasa kamun kai ne. Sannan ɗaya daga cikin masu aikin sa-kai namu ya ce bai ga dalilin ba wata mata tallafi ba tunda ba 'yar jiha ba ce, addininmu kuma ba ɗaya ba. Shugabanmu kullum cewa yake yi a yi haƙuri, marasa lafiya ne. Yanzu yarinyar ta ce za ta bar aikin, matar da aka ƙyamata kuwa ta daina zuwa. Yaya za mu yi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Abin da kike tambaya shi ne, ta yaya ƙungiyar da aka kafa don tausayi za ta tsawata wa mutum ba tare da ta zama mara tausayi ba. Na shafe shekaru ina aikin jin daɗin majinyata a ɓangaren masu ciwon daji, kuma dukan abubuwan nan uku na gan su da idona. Abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki raba su. A ido dai duk cin mutunci ne, amma dattijon, da baiwar Allahn nan, da mai aikin sa-kai ba matsayinsu ɗaya ba, maganinsu ma ba ɗaya ba.

Kafin nan, maganar shugabanku. Na fahimce shi, kuma na san da kyakkyawar niyya yake faɗa. Sai dai ki duba wa ake cewa ya yi haƙuri. Wadda aka kira ɓarauniya ce, da wadda aka yi wa gori da ciwonta. Wanda ya yi laifin ba a ce masa komai ba. Haƙurin da ake ɗora wa wanda aka zalunta kaɗai, ƙarshensa shi ne abin da kuka fara gani: mai rauni ya janye jikinsa, mai ƙarfin baki ya gaje wurin. Matar da ta daina zuwa ita ma mara lafiya ce, kuma don irinta aka kafa ƙungiyar.

Ga ƙa'idar da nake aiki da ita, wadda duk sauran bayanina zai rataya a kanta: ana iya taƙaita wa mutum hanyar da yake hulɗa da ku, ana iya dakatar da shi daga zaman wata-wata, amma ba a mayar da kuɗin maganinsa bulala.

Dattijon da halinsa ya sauya

Kin ce da can ba haka yake ba. Duk lokacin da mai ciwon daji ya sauya hali cikin ɗan lokaci, likita nake fara nema kafin kwamitin ladabtarwa. Sankarar mafitsara ta maza, wadda likitoci ke kira ta prostate, tana yawan bazuwa zuwa ƙashi, musamman ƙashin baya da ƙugu, kuma ciwon ƙashi yana hana barci dare bayan dare. Allurar da ake yi wa irinsu don rage sinadarin mazakuta tana taɓa yanayin zuciya, wasu su riƙa ƙunci, wasu saurin fushi. Maganin dexamethasone da ake haɗawa da kemo shi ma yakan sa mutum ya kasa barci, ya riƙa faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan fitsari ya toshe har ƙoda ta taɓu, ko ƙwayar cuta ta shiga mafitsara, tsoho yakan rikice, ya riƙa zargin na kusa da shi da sata ko makirci. Ku tambayi iyalinsa: a gida ma haka yake? Yana manta rana? Yana surutai da dare? Idan amsar e ce, kuma abin kwana-kwanan nan ya taso, to asibiti za a kai shi a ranar, ba gobe ba. Na sha ganin wanda aka daidaita wa maganin ciwo, bayan mako guda ya dawo yana neman gafarar wadda ya zaga yana hawaye.

Idan likita ya duba bai ga komai ba, sai ku dubi kanku. Me ya sa sata ce ta zo bakinsa? Mutumin da ya sayar da gona da shanu a kan magani, ya kawo takardunsa, aka ce ya jira, sannan ya ga wanda ya zo bayansa an biya masa, zuciyarsa ba za ta raya masa alheri ba. Yawancin ƙananan ƙungiyoyinmu ba su da rubutaccen tsarin wa ake fara ba da kuma dalili. Yarinyar da ke bakin tebur ita ce fuskar da yake gani, ita za ta sha zagin hukuncin da ba ita ta yanke ba. Ku rubuta sharuɗɗan tallafi, ku liƙa, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba. Ku ba kowa shaidar karɓar takardunsa da kwanan wata. In babu kuɗi a asusu, wani babba ya fito ya faɗa da bakinsa, kada a bar ƙaramar ma'aikaciya da "ka dawo jibi". Wannan kaɗai yana kashe rabin rigimar.

To amma sanin dalili bai wanke zagin ba, kuma yarinyar tana da haƙƙi. Ku gaya mata a fili cewa duk wanda ya fara zaginta, tana da izinin ta ce, "Baba, ina son in taimake ka, amma ba zan iya ci gaba da magana ana zagina ba, bari in kira maka shugaba," ta tashi. A waya ma haka, gargaɗi ɗaya sannan ta kashe. Kada a bar ta ita kaɗai a ofis ranar karɓar takardu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta ba ma'aikacin lafiya damar ƙin duba wanda ya zage shi, ko ya kai masa hannu, ko ya neme shi da lalata, in ban da masu taɓin hankali, tare da sharaɗin ya kai rahoto, kuma dokar ta hana a ƙi ba kowa agajin gaggawa. Ku ba asibiti ba ne, amma ma'aunin ya dace da ku: mutuncin ma'aikaci abin karewa ne, ran mara lafiya kuma ba abin ciniki ba ne.

Shi kuwa dattijon, a same shi a keɓe, ba a taro ba, kuma wanda ya kai girman yi masa magana ya je, tare da babban ɗansa ko ƙaninsa. A faɗa masa abin da ya yi da kalmomin da ya furta, da ranar, ba "an ce kana da faɗa" ba. A saurari kukansa har ya gama. Sannan a ce masa tallafinsa yana nan, amma zagi ba zai ci gaba ba. Tunda a gaban jama'a ya jefe ta da sata, ya kamata ƙungiya ta wanke ta a gaban jama'a, ko da shi bai iya buɗe baki ya nemi afuwa ba. Idan ya sake, a rubuta masa gargaɗi. Idan ya sake kuma, a sauya hanya: ɗansa ya riƙa kawo takardu, mutum ɗaya tak ya riƙa hulɗa da gidan, kuɗi kuma a biya asibiti kai tsaye. Asibitocin gwamnati da yawa a Ingila suna da irin wannan mataki-mataki, katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa sannan jan kati, kuma ko wanda aka ba jan kati ba a hana shi agajin gaggawa.

Dalilin da ya sa nake kafewa a kan kada a taɓa kuɗin magani ba tausayi kawai ba ne. Kemo zagaye-zagaye ake yin ta, da yawa duk bayan mako uku, gashi kuma kwana biyar a mako har tsawon makonni. In aka katse, ciwon yana samun sararin farfaɗowa. A sankarar bakin mahaifa, alal misali, so ake a kammala gashi gaba ɗaya cikin mako takwas, kuma jinkiri yana rage damar warkewa. Wanda kuka yanke wa tallafi na wata biyu don ya yi hankali, mai yiwuwa hukuncin da kuka yanke masa ba ya da gyara.

Wari da gori

Maganar baiwar Allahn nan gida biyu ce. Wari gaskiya ne, kuma kunya ta sa ba ma son faɗa. Sankarar bakin mahaifa da ta yi nisa tana fitar da ruwa mai wari, wani lokaci har ta huda mafitsara mace ta riƙa yoyon fitsari. Gyambon sankarar mama ma haka. Naman da ya mutu ne ƙwayoyin cuta ke ci. Ita kuma mai ƙorafin, in tana kan kemo, hancinta ya ƙara kaifi, ƙamshin girki ma yana iya sa ta amai. Wannan ɓangaren yana da magani: likitoci suna ba da metronidazole, wanda muka fi sani da Flagyl, kuma yana rage warin sosai cikin 'yan kwanaki. Ku taimaka wa matar da aka ƙyamata ta ga likitanta a kan wannan takamaimai, ku sa audugar mata da kayan wanke gyambo cikin abin da kuke rabawa, a asirce. Ku yi zamanku a wuri mai iska. Ku yi hattara da cika ɗaki da turaren wuta, don masu kemo da yawa ba sa jure shi.

Amma cewa ciwon marasa kamun kai ne, wannan jifa ce ga mutuncin mace, kuma jahilci ne. Kusan dukan sankarar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke haddasa ta. Ana ɗaukar ta ta hanyar saduwa, gaskiya ne, amma yawancin mutanen da suka taɓa saduwa, maza da mata, suna ɗaukar ta a wani lokaci a rayuwarsu ba tare da sun sani ba, jiki ya kawar da ita da kansa. Kaɗan ne take zaunawa a jikinsu shekara goma, ashirin, har ta zama sankara. Macen da aka aurar tana budurwa, ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta, tana iya kamuwa. Saboda yaɗuwarta ne Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta a watan Oktoban 2023. Ita kanta sankarar kuma ba a ɗaukar ta ta zama kusa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha.

Matakinku na farko ba wajen mai gorin ba ne, gidan wadda aka yi wa gorin ne. Ke da wata mace ku je ku gaishe ta, ku ce mata abin da aka faɗa ba daidai ba ne, ƙungiya ba ta yarda da shi ba, ku tambaye ta me take so. Wata za ta so a haɗa su a sasanta, wata ba ta son ta ƙara haɗa ido da ita. Kada ku tilasta mata yafiya don a rufe magana, kada kuma ku ɗauko zancen a taro ba da izininta ba, don tonon silili na biyu ya fi na farko ciwo. Mata da yawa masu wannan ciwon miji ya riga ya ƙaurace musu, kishiya ta ware musu kwano, wasu an sake su. Zamanku na wata-wata watakila shi kaɗai ne wurin da ya rage mata.

Mai gorin kuma a zauna da ita a keɓe. Sau da yawa tsoro ne ke magana da bakinta: ta ga wadda ciwonta ya yi nisa, ta hango kanta, sai ta nemi abin da zai raba ta da ita, "ni nawa ba irin nata ba ne". A yi mata bayani, a gaya mata iyaka. In ta ƙi bari, ita ce za ta huta daga zama, ba wadda aka cuta ba, tallafinta kuma yana tafiya. Bayan haka ku gayyato ma'aikaciyar jinya ta yi wa kowa bayanin ciwon ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Na kuma ga amfanin gayyato malama ko malami. Ayar Suratul Hujurat da ta hana mata su yi wa mata izgili, da hadisin da ya ce babu wata cuta ko wahala da za ta sami mumini, ko da ƙaya ce, face an kankare masa zunubi da ita, suna shiga inda bayanin asibiti ba ya kaiwa. Kiristocin cikinku ma fastonsu ya san abin da zai faɗa.

Akwai wata tambaya da ba ki yi ba, ni zan yi miki: ta yaya aka san irin ciwonta? In ita ta faɗa, shi ke nan. In kuwa daga fayil ɗinku ya fita, ko daga bakin ma'aikaci, to ɓarakar a gidanku take. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. A zamanku kada a tilasta wa kowa faɗin inda ciwonsa yake. Hotunan da ake ɗauka don nuna wa masu ba da gudummawa su ma abin dubawa ne. Mace tana karɓar ambulan a gaban kyamara, ba ta da bakin cewa a'a, gobe danginta na ƙauye su gan ta a Facebook. Wannan ma cin mutunci ne, ko da da sunan alheri aka yi shi.

Wanda ke riƙe da mabuɗi

Na ukun shi ya fi tayar min da hankali, kuma a nan ne uzurin shugabanku bai shiga ba ko kaɗan, domin mai aikin sa-kai lafiyarsa ƙalau. Dattijo in ya yi zagi ya ɓata wa mutum rai. Wanda ke zaune inda ake tsara sunaye kuwa, in yana da wariya a zuciya, yana iya tura takardar mace ƙasan tebur ba wanda ya sani, ta mutu tana jira. Don haka ma'aunin da za a auna shi da shi ya fi tsanani. A cire hannunsa daga zaɓen masu cin tallafi tun yau, kafin a gama bincike. A kira shi, a ji ta bakinsa, a nuna masa manufar ƙungiya kamar yadda take a kundin da kuka yi rajista da shi. In ya gane, ya ci gaba da wani aikin ana lura da shi. In ya tsaya a kan bakansa, a gode masa a sallame shi. Cewa ba biyansa ake yi ba, ba lasisin wulaƙanta mutane ba ne.

Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini. An fi ɗaure gwamnati da shi, amma shi ne mizanin ƙasa, kuma duk mai ba da tallafi na kirki zai auna ku da shi. Sannan cibiyoyin gashi a Arewa 'yan ƙalilan ne, dole marasa lafiyarku su ƙetara jihohi. Waɗanda kuke turawa asibitin Shika da ke Zariya ko Sakkwato ko Abuja, su ma can ba 'yan jiha ba ne.

Akwai wuri ɗaya da ake samun ruɗani na gaskiya, wato kuɗin zakka. Zakka tana da rukunan mutanen da aka ƙayyade, kuma mai bayarwa yana da haƙƙin a kiyaye sharaɗinsa. Mafita ita ce a raba asusu: na zakka daban, ana kashe shi yadda malamai suka yi bayani, asusun gudummawa da sadaka kuma na duk mai ciwon da ya cika sharuɗɗa ne. A rubuta, kowa ya sani. Abin da ba ya halatta shi ne a fake da zakka a hana mutum daga asusun kowa da kowa. Ina ba ki shawara ki ɗauko jerin waɗanda kuka taimaka wa a shekarar da ta wuce, da na waɗanda aka mayar, ki duba da idon basira: 'yan ƙauye, zawarawa, zabiya masu sankarar fata, masu ɗauke da ƙanjamau, waɗanda ba su da ɗan'uwa a kwamiti. Wariya ba kullum take fitowa ta baki ba.

Tunda muna maganar masu mabuɗi, dole in ambaci mafi muni. A 2002 wani bincike na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Save the Children ya bankaɗo yadda ma'aikatan agaji a Gini, Laberiya da Saliyo ke neman 'yan mata da lalata kafin su ba su kayan agaji. A 2018 asirin lalatar da wasu ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam suka yi a ƙasar Haiti ya tonu. In manyan ƙungiyoyi masu ofisoshi da lauyoyi sun faɗa ciki, ƙaramar ƙungiya ba ta tsira don kowa ya san kowa ba. A ɓangarenmu, 'yar mara lafiya da ke yawo da takardun uwarta ita ce abin farauta. Namiji kada ya je ziyarar gida shi kaɗai. Mutum ɗaya kada ya amince da fitar kuɗi shi kaɗai. Wanda aka zarga da irin wannan, ko da barazana, ko da duka, ba gargaɗi ake yi masa ba: a dakatar da shi nan take, a kare wadda ta kawo ƙara, kuma da yardarta a kai ga hukuma.

Abin da za ku rubuta

Ba kwa buƙatar kundi mai kauri. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa da Turanci, ya faɗi abin da ba a yarda da shi ba da sunansa: zagi, gori, habaici a kan ciwo ko ƙabila ko addini, fallasa sirri, neman lalata, barazana. Ya hau kan kowa, daga shugaba har mai shara, har Alhajin da ke ba da kuɗi mafi yawa. A karanta wa duk sabon shiga, a maimaita a farkon zama. Ku tanadi littafi da ake rubuta abin da ya faru, da rana, da matakin da aka ɗauka, a kulle shi. Ku naɗa mutum biyu masu karɓar ƙorafi, ɗaya lalle mace, kuma a karɓi ƙorafin baki, don yawancin waɗanda ake cuta ba za su rubuta wasiƙa ba. Wanda aka hukunta shi ma a ba shi damar ɗaukaka ƙara gaban wasu da ba su suka yanke ba.

Ban ji ta bakin mutanen nan uku ba, ke ma kada ki yanke kafin ki ji. Ni kuma ba lauya ba ce, in magana ta kai ga sallamar ma'aikacin da ake biya albashi ko shiga kotu, ku nemi lauya. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, suna karɓar irin waɗannan koke-koke. Akwai kuma wanda za ku bi duk matakan nan da shi bai sauya ba, har ya koma ga Mahaliccinsa yana fushi da ku. Abin da ke hannunku a irin wannan shi ne maganinsa bai yanke ba, ma'aikatanku kuma ba su ci gaba da shan zagi ba.

Wurin da tsarin ya fi yawan karyewa a ƙananan ƙungiyoyi shi ne inda wanda ya kafa, shi ne shugaba, shi ne mai kawo kuɗi, ba mai iya ce masa a'a. Kada ki tunkari shugabanku a taro. Ki same shi da rubutaccen shafin nan a hannu, ki nuna masa cewa kuna dab da rasa ma'aikaciya da mara lafiya a wata guda, ki roƙe shi ya zama shi ne zai je ya ba yarinyar haƙuri da sunan ƙungiya. In ya ƙi, ki kai maganar gaban kwamitin amintattu, domin su ne doka ta ɗora wa alhakin ƙungiyar da aka yi wa rajista. Ki kuma nemi a sa mutum ɗaya daga waje cikin masu karɓar ƙorafi, kamar jami'ar jin daɗin majinyata ta asibitin da kuke hulɗa da shi, wadda ba ta cin albashinsa kuma ba ta jin nauyinsa.